Inuwar Babbar Daula: Me Ya Sa Zaman Lafiyar Rumawa Ya Daɗe, Na Wasu Ya Gajarta?



Akwai wasu zamunna da masana tarihi ke ware wa suna na musamman, saboda a cikinsu wata daula guda ta yi wa sauran rinjaye har yaƙe-yaƙe suka ragu, hanyoyi suka buɗe, fatake suka riƙa keta ƙasashe babu fargaba. Huɗu aka fi ambata: na Rumawa, daga shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 180 miladiyya, na Mangolawa a ƙarni na 13 da na 14, na Birtaniya daga 1815 zuwa 1914, sai na Amurka tun daga 1945. Ra'ayi biyu ke karo da juna a kansu. Masu na farko na cewa duniya ba ta zama lafiya sai da babban da kowa ke shakka. Masu na biyu na cewa duk labarin ƙanzon kurege ne, wanda ya ci yaƙi ne ya rubuta shi don ya wanke kansa. A ganina duka biyun sun kauce hanya. Zaman lafiyar ya auku da gaske, amma tsoro kaɗai bai isa ya riƙe shi ba. Tsoro kan kawo shiru na shekara goma ko ashirin. Abin da ke kai shi shekara ɗari biyu shi ne a ba wanda aka ci da yaƙi rabo a cikin daular, har ya riƙa ganin rushewarta asararsa ce. Zan fi daɗewa a kan Rumawa, domin wurinsu hujja ta fi yawa, sannan in auna sauran da su.

Kafin sarki Agustus ya kama mulki, Rumawa sun shafe kusan ƙarni guda suna yanka junansu, wannan janar ya tashi da rundunarsa, wancan ya tare shi. Abin bai lafa ba sai bayan yaƙin ruwa na Aktiyum a shekara ta 31 kafin miladiyya, inda Agustus ya karya abokin hamayyarsa Antoniyus da Kiliyobatira ta Masar. A birnin Roma akwai wani ɗakin tsafi na gunkin Janus wanda al'adarsu ita ce a bar ƙofofinsa a buɗe muddin ana yaƙi a ko'ina cikin daular, kuma Agustus ya yi alfaharin cewa sau uku aka rufe su a zamaninsa, alhali sau biyu kacal aka taɓa yi tun kafuwar birnin. Wannan dai kirarin sarki ne da bakinsa, ba za mu dogara da shi ba. Gara mu nemi shaidar da ba ta san ana kallonta ba. A gefen kogin Taiba, cikin Roma, akwai wani tudu da ake kira Monte Testaccio, tsawonsa ya kai mita 35, kuma ba ƙasa ba ce ko dutse: fasassun tuluna ne zalla, waɗanda aka kiyasta sun haura miliyan 50. Mafi yawansu man zaitun suka ɗauko daga kudancin Sifen, yankin da daga baya muka sani da Andalus. A jikin da yawa daga cikinsu har yau ana karanta nauyin tulun, da nauyin man, da sunan attajirin da ya yi lodinsa, da alamar ma'aikacin da ya duba. Tulun da mai ya jiƙa ba ya sake amfani, sai a fasa shi a jera a kan na jiya a watsa masa farar ƙasa saboda wari. An yi haka shekara da shekaru, fiye da ƙarni biyu. Jirgi ba ya tasowa daga Andalus da kayan wani, ya ratsa Bahar Rum a kai a kai, in da 'yan fashin teku na nan ko kuma ba a da tabbacin za a biya.

Haka labarin yake ta gabas. Masanin ƙasa Istirabo, wanda ya rayu a zamanin Agustus, ya ba da labarin cewa jiragen ruwa kusan 120 ke tashi kowace shekara daga wata tasha guda ta Masar a bakin Bahar Maliya zuwa Indiya, kuma an tono kuɗin Rumawa na zinariya da azurfa a kudancin Indiyan. Alkamar Masar da ta arewacin Afirka ke ciyar da birnin Roma, mai mutum kusan miliyan guda, inda wajen mutum 200,000 ke karɓar hatsi kyauta. Shaidar da ta fi ratsa ni kuwa ita ce ta ganuwa. Duk wanda ya san Kano ko Katsina ko Zariya ya san ba a gina ganuwa don ado. To, Roma ta bunƙasa ta tsallake tsohuwar ganuwarta, ta zauna ɗaruruwan shekaru a fili, haka ma birane da dama na cikin daular. Sai a shekara ta 271, da zamani ya juya, sarki Aureliyan ya fara zagaye birnin da sabuwar ganuwa mai kusan kilomita 19.

Masu cewa duk ƙarya ce suna da abin kafa hujja, kuma ba kaɗan ba. A shekara ta 9 miladiyya ƙabilun Jamus suka hallaka rundunonin Rum uku a dajin Tutobag. Daga 17 zuwa 24 wani mutumin arewacin Afirka mai suna Takfarinas, wanda ya taɓa yi wa Rumawa aikin soja, ya hana su sakat a ƙasar da yau take Aljeriya da Tunisiya. Wajen shekara ta 60 sarauniya Budika ta ƙone Landan ƙurmus. A 69 sarakuna huɗu aka yi cikin shekara guda, ana ta gwabzawa har cikin titunan Roma. A 70 janar Titus ya rushe birnin Ƙudus da ɗakin ibadar Yahudawa. Sarki Tirajan ya ci ƙasar Dakiya, Romaniyar yau, ya kwashe zinariyarta da mutanenta. Ga kuma bayi, miliyoyi, waɗanda ke cikin ramukan haƙar azurfa da manyan gonaki, waɗanda ba wanda ya tambaye su ko suna jin daɗin zaman. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma a lura da inda suka auku: kusan duka a bakin iyaka ne, ko a ƙasar da ba a daɗe da ci ba. Manomin da ke tsakiyar Sifen, ko kudancin Gol, wato Faransar yau, ko gaɓar Asiya Ƙarama, yana iya haihuwa ya tsufa ya mutu, jikansa ma haka, ba su taɓa ganin rundunar abokan gaba ta ƙone musu rumbu ba. Kafin Rumawa ba haka yankunan suke ba, bayansu ma ba haka suka kasance ba. Zalunci da zaman lafiya sun zauna a daula ɗaya, amincewa da ɗayan bai wajabta ƙaryata ɗayan ba.

Saura masu cewa takobi ne ya yi aikin. Sai mu yi lissafi. Bayan asarar Tutobag, rundunonin Agustus 25 ne, kowace da mutum wajen 5,000, ga sojojin taimako da suka kai kusan yawan haka. A taƙaice sojan daular duka bai wuce 300,000 ba, a kan al'ummar da masana ke kiyasta ta kai miliyan 50 zuwa 60, daga Tekun Atlantika zuwa kogin Furatu. Mafi yawan sojan nan kuma suna jibge a bakin kogunan Rain da Danub da iyakar Sham, sun ba cikin ƙasa baya suna fuskantar waje. Duk arewacin Afirka, daga Libiya zuwa Aljeriya, runduna guda ce tak ke tsaronsa, wadda daga baya ta yi mazauni a Lambesis. Cikin ƙasar Gol, wadda Yuliyus Kaisar ya sha wuya kafin ya ci tsakanin 58 da 50 kafin miladiyya, wata 'yar ƙaramar bataliya ce ke zaune a birnin Liyon inda ake buga kuɗi. A zamanin da babu bindiga, babu waya, saƙo na bin doki, wannan adadi ba zai iya danne mutanen da suka ƙudura niyyar tashi ba. Ke nan mafi yawansu, ko aƙalla manyansu, ba su da niyyar tashi. Dalilin haka shi ne abin bincike.

Rumawa sun yi wani abu da daulolin da suka gabace su ba su saba yi ba: sun mai da zama ɗan Rum abin da ake iya samu, ba sai an gada ba. Bagirke ɗan Atina ba ya ba baƙo wannan matsayi sai da ƙyar. Su kuwa Rumawa sun buɗe hanyoyi da dama. Saurayi daga wata ƙabila da aka ci zai shiga sojan taimako, in ya cika shekara 25 a sallame shi da wasu 'yan alluna biyu na tagulla, an ɗaure su da waya an buga hatimin shaidu bakwai, ɗauke da sunansa da na rundunarsa da shaidar cewa shi da 'ya'yansa sun zama 'yan Rum. An tono ɗaruruwan irin waɗannan alluna daga Ingila har Maroko da Sham. A garuruwa da yawa, duk wanda ya riƙe muƙami a majalisar garinsu shi ke nan ya zama ɗan Rum, kuma sarki Basbasiyan ya shimfiɗa wannan dama a kan Sifen baki ɗaya. Hatta bawa, in ubangijinsa ɗan Rum ya 'yanta shi bisa ƙa'ida, ya zama ɗan ƙasa, ɗansa kuma ba shi da wani shamaki; Fartinas, wanda ya hau gadon sarauta na 'yan watanni a 193, ɗan 'yantaccen bawa ne. Matsayin ba na ado ba ne. Yana hana a yi wa mutum bulala ko a kashe shi ba shari'a, yana ba shi damar ɗaukaka ƙara, yana tsare masa aure da gado da yarjejeniyar ciniki. Ƙidayar shekara ta 28 kafin miladiyya ta sami 'yan Rum miliyan huɗu da 'yan kai, ta zamanin sarki Kalaudiyus kuwa ta kusa miliyan shida.

Shi wannan Kalaudiyus, a shekara ta 48, ya tsaya gaban majalisar dattawan Roma ya nemi a bar manyan ƙasar Gol su zama 'yan majalisa. Dattawan sun yi gunaguni, suna tuna cewa kakannin mutanen nan ne suka yaƙi Kaisar shekara ɗari da ta wuce. Ya yi musu gardama da tarihin Roma kanta, wadda tun farkonta take haɗiye baƙi, kuma ya yi nasara. Mutanen Gol suka zana jawabin a kan allon tagulla, wanda aka tono a Liyon a 1528. Daga nan abin ya yi ta hawa. Tirajan, wanda ya hau mulki a 98, a Sifen aka haife shi. Sabtimiyus Seberus, sarki daga 193, ɗan Leptis Magna ne a gaɓar Libiya, garin da mutanensa ke jin harshen Kartaj, tsohuwar abokiyar gabar Roma. A 248, da aka yi bikin cikar Roma shekara dubu, wanda ke kan gado shi ne Filibus, wanda ake wa laƙabi da Balarabe, haifaffen kudancin Sham. Bahaushe ya san bambancin ɗan gida da ke noma a gandu da ɗan ƙodago. Duka biyun suna gumi a gona ɗaya, amma ranar da fari ya zo aka kasa biya, ɗan ƙodago zai saɓa fartanyarsa ya yi gaba, ɗan gida kuwa zai tsaya domin yana da gado a wurin.

Inda wannan dabara ta gaza shi ma yana ƙara mata ƙarfi. Babu lardin da ya ba Rumawa wahala kamar Yahudiya: tawaye a 66 zuwa 70, wani a 115 zuwa 117 tsakanin Yahudawan Masar da Libiya da Ƙubrus, sannan na Bar Kokba daga 132 zuwa 135. Rabon da Roma ke bayarwa yana da sharaɗi. Mai son hawa sai ya shiga hidimar gari, hidimar gari kuwa a cakuɗe take da yanka wa gumaka da girmama sarki kamar abin bauta. Ga mai bautar gumaka da yawa, ƙara ɗaya ba komai ba ne. Ga mai kaɗaita Allah, wannan farashi ne da ba ya biyuwa. Rumawa sun ɗan yi sassauci da farko, amma bayan 70 sai suka ƙara gishiri a ciwo, suka karkatar da kuɗin da Yahudawa ke ba ɗakin ibadarsu zuwa ɗakin gunkin Jufita a Roma. A nan kam takobi kaɗai ya rage musu, kuma mun ga abin da takobi kaɗai ke haifarwa: tawaye uku cikin shekara saba'in.

Mai kaifin hankali zai tare ni da shekara ta 212. A shekarar ne sarki Karakalla ya mai da kusan duk 'yantaccen mutum a daular ɗan Rum. In rabo ne ke kawo zaman lafiya, me ya sa shekara ashirin da 'yan kai bayan wannan kyauta daular ta faɗa cikin rikici mafi muni, daga 235 zuwa 284, aka yi sarakuna fiye da ashirin, har Farisawa suka kama sarki Baleriyan da ransa a 260? Tambaya ce mai nauyi. Da farko, kafin 212 an riga an rage wa matsayin daraja, domin shari'a ta fara raba mutane gida biyu, masu martaba da talakawa, kowa da irin hukuncinsa. Wani marubucin zamanin, Kasiyus Diyo, ya ce ma neman ƙarin haraji ne ya sa Karakalla ya yi abin. Na biyu, musabbabin rikicin daga wasu wurare ya zo: annobar da ta fara a 165, sabuwar daular Sasaniyawa a Farisa, matsin ƙabilu a Danub, da ragin azurfa a cikin kuɗi. Abin lura shi ne yadda lardunan suka yi da dama ta samu. A 260 Gol ta ɓalle ƙarƙashin Fostumus, amma bai kira kansa sarkin Golawa ba. Sarkin Rum ya kira kansa, ya naɗa muƙamai irin na Roma, ya buga kuɗi da harshen Latin. Wanda ya sake ɗinke daular, Aureliyan, ɗan talakawan yankin Danub ne. Rumawan da Musulmi suka kara da su a Yarmuk a 636, harshen Girka suke yi, jikokin waɗanda Roma ta ci da yaƙi ne, kuma sun riƙe sunan har 1453 lokacin da Usmaniyawa suka ci Kustantiniyya.

Mangolawa sun fi Rumawa faɗin ƙasa, sun kuma fi su ban tsoro. Bukhara ta faɗi a 1220, Marw a 1221, Bagadaza a 1258 inda aka kashe halifa Musta'asim. Bayan ɓarnar sun shimfiɗa tsarin da ya cancanci yabo: zango-zango na canjin doki a kan manyan hanyoyi, da wani allo na ƙarfe ko azurfa ko zinariya da manzo ke ratayawa, wanda duk inda ya nuna shi za a ba shi doki da abinci. A wannan zamani Marko Folo ya bar Benis a 1271 ya kai ƙasar Sin ya dawo a 1295, wani malamin Kirista kuma, Rabban Bar Sauma, ya taso daga wajen Beijin ya kai Faris a 1287. Sai dai mulki na zuriyar Jengis Khan, wanda ya kafa daularsu, ne kaɗai. Suna ɗaukar gwani aiki ko daga ina yake, amma yana nan a matsayin bara komai girmansa; Rashiduddin, babban waziri kuma masanin tarihi a Farisa, kashe shi aka yi a 1318. A Sin sun jera mutane hawa huɗu, Mangolawa a sama, mutanen kudancin Sin, waɗanda su ne mafiya yawa, a ƙasa. Jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ita ce tsanin da ɗan Sin ya sani tun kaka da kakanni, sun dakatar da ita har 1315. Su kansu jikokin Jengis sun fara yaƙar juna tun 1260. Daular Mangolawa ta Farisa ta wargaje bayan rasuwar Abu Sa'id a 1335, a 1368 kuma wani maraya ɗan manoma ya kore su daga Sin. Babu wanda ya tashi daga cikin talakawansu don ya maido da su. Inda suka ɗore, kamar a yankin kogin Bolga, su ne suka narke cikin mutanen ƙasa, suka musulunta suka ɗauki harshen Turkawa.

Zaman lafiyar Birtaniya ya shafe mu kai tsaye, don haka ya kamata mu yi masa adalci ta fuska biyu. Jiragen yaƙinta sun tsare tekuna, sun tare jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma tun daga 1808, kuma kasuwancin duniya ya bunƙasa. Amma a cikin wannan ƙarni da ake kira na zaman lafiya aka yi yaƙin tilasta wa Sin sayen ofiyom daga 1839 zuwa 1842, aka murƙushe tawayen Indiya na 1857, aka ƙone Kumasi a 1874 da taimakon sojojin da ake kira Hausawa, aka karkashe mutanen Mahadi kusan dubu goma cikin rana ɗaya a Omdurman a 1898. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903 a hannun rundunar da ba ta kai mutum dubu ba, kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne. Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ragowar mabiyansa suka nausa gabas har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. A 1906 aka shafe garin Satiru daga doron ƙasa. Bayan haka hare-haren kama bayi sun tsaya, an daina gyaran ganuwa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, ɗan kasuwa kamar Alhassan Ɗantata ya tashi daga fataucin goro ya zama babban dilan gyaɗa. Yadda 'yan tsirarun Turawa, Razdan da Di'o, suka riƙe ƙasa mai faɗin Arewa bai rasa nasaba da abin da muka gani a Roma: an bar wa sarakuna kujerunsu, da kotunan alƙalai, da baitulmalin En'e inda wani kaso na haraji da jangali ke zama.

Bambancin shi ne rabon Birtaniya yana da rufi, rufin kuwa launin fata ne. Kanada ta sami mulkin kanta a 1867, Ostireliya a 1901, domin Turawa ne ke zaune a can. Ɗan Indiya da ke son shiga babban aikin gwamnatin ƙasarsa sai ya ƙetare teku ya rubuta jarrabawa a Landan, haka aka yi ta yi har 1922. A 1883, da aka kawo dokar da za ta bar alƙali ɗan Indiya ya yi wa Bature shari'a, Turawan da ke can suka tayar da ƙura har aka rage mata ƙarfi. Indiya ta ba da mutum fiye da miliyan guda a yaƙin duniya na farko, sakayyar da ta gani ita ce harbin taron jama'a a Amritsar a 1919. Ba a taɓa tunanin Seberus ɗin Birtaniya ba, wato ɗan Kano ko ɗan Kalkata da zai zauna a kan kujerar mulki a Landan a zamanin daular. Waɗanda suka yi boko suka iya harshen suka karanta dokokin, su ne suka fara karo da rufin, su ne kuma suka jagoranci neman 'yanci. Indiya ta tafi a 1947, Gana a 1957, Nijeriya a 1960. Mulkin Birtaniya a ƙasar Hausa bai cika shekara sittin ba.

Akwai wata suka da nake ganin tana da gaskiya fiye da sauran, wato cewa ana jingina wa daula guda abin da ba ita kaɗai ta yi ba. Lafawar yaƙi a Turai bayan 1815 ta fi alaƙa da yarjejeniyar da manyan ƙasashe biyar suka ƙulla a taron Biyana, inda aka maido da Faransa cikin sahu maimakon a wulaƙanta ta. Birtaniya ba ta da sojan ƙasa da zai hana Jamus da Faransa gwabzawa a 1870, ba ta kuma hana ba. Haka bayan 1945, rashin yaƙi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya fi alaƙa da makamin nukiliya, kamar yadda rikicin Kyuba na 1962 ya nuna. Na karɓi wannan suka hannu biyu, domin ba ni take rusawa ba. Masu cewa sai da babba guda ake zama lafiya take rusawa. Abin da ya yi aiki a Biyana shi ne dai ba wanda aka kayar kujera a wurin shawara, kuma da aka ƙi yi wa Jamus haka a yarjejeniyar Basai ta 1919, shekara ashirin kawai aka samu kafin yaƙi ya sake ɓarkewa.

Amurka ta koyi wannan darasi, amma a kan wasu mutane kawai ta yi aiki da shi. Jamus ta Yamma da Japan, waɗanda ta ragargaza, ta ɗaga su, ta zuba wa Yammacin Turai kusan dala biliyan 13 a shirin Marshall daga 1948, ta buɗe musu kasuwarta, ta shigar da Jamus ƙungiyar tsaro ta NATO a 1955. A wannan da'ira zaman lafiyar ya kankama, har Faransa da Jamus, da suka yi yaƙi uku cikin shekara saba'in da biyar, suka koma kashe kuɗi iri ɗaya. A wajen da'irar kuwa labarin Koriya ne da Biyetnam, da hannun Amurka a kifar da gwamnatin Musaddaƙ a Iran a 1953 da ta Gwatamala a 1954, da mamaye Iraƙi a 2003 ba tare da amincewar Kwamitin Sulhu ba. Kujerun dindindin na wannan kwamiti har yau biyar ne kamar yadda aka raba su a 1945. Afirka, mai ƙasashe 54 a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nemi kujeru biyu tun a matsayar Ezulwini ta 2005, ba ta samu ba, ko da yake an karɓi Tarayyar Afirka cikin ƙungiyar G20 a 2023. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya manyan shawarwari na bukatar kashi 85 cikin ɗari na ƙuri'u, Amurka kuwa tana riƙe da fiye da kashi 16, wato ita kaɗai tana iya hana ruwa gudu, yayin da Sin, ta biyu a ƙarfin tattalin arziki, ke da wajen kashi 6. A 2010 aka amince da gyaran da zai ɗan ƙara wa ƙasashe masu tasowa ƙuri'a, majalisar dokokin Amurka ta riƙe shi har ƙarshen 2015. Cikin waɗannan shekaru na jira Sin ta kafa nata bankin na gina ababen more rayuwa a Asiya, kuma a watan Maris na 2015 Birtaniya, babbar aminiyar Amurka, ta sanar da shigarta duk da Washington ta nuna ba ta so, Jamus da Faransa da Italiya suka bi bayanta cikin 'yan kwanaki.